Tambaya da Amsa: Tikitin Kallon Ƙwallo Daban, Izinin Shiga Ƙasa Daban

Tun ranar 5 ga Disamba, 2025, da aka raba a birnin Washinton rukunan gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2026, wadda aka ba Amurka da Kanada da Meziko baƙuncinta, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Akra, har ma daga Kumasi, kusan duk zancensu ɗaya ne, wato biza. Mun zaɓi uku daga ciki.

TAMBAYA: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ne a Nima, na kuma manyanta. Babban ɗana ya shekara biyu yana tara kuɗi domin ya je Amurka ya kalli wasan Ghana da Ingila, amma abokinsa da suka shirya tafiya tare, wanda fasfonsa na Nijar ne, an ce masa kada ma ya wahalar da kansa. Ta yaya ƙasa za ta nemi a ba ta baƙuncin duniya, sannan ta rufe wa wasu baƙin ƙofa? Shin FIFA ba ta da ta cewa ne?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka faɗa wa abokin ɗanka gaskiya ne, ga kuma yadda aka yi. A ranar 4 ga Yuni, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Cadi da Sudan da Somaliya da Iran da Haiti, ya kuma taƙaita shigar 'yan wasu ƙasashe 7, ciki har da maƙwabciyarmu Togo. A watan Disamba aka faɗaɗa jerin, aka saka Nijar da Mali da Barkina Faso cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, aka kuma saka Najeriya da Binin da Sanagal da Kwaddibuwa cikin waɗanda aka dakatar da ba su bizar ziyara da ta karatu, daga ranar 1 ga Janairu, 2026. Dalilan da gwamnatin Amurka ta bayar su ne tsaro, da raunin tantance takardun matafiya a waɗannan ƙasashe, da yawan waɗanda ke wuce wa'adin bizarsu ba su koma gida ba. Umarnin ya keɓe 'yan wasa da masu horar da su da ma'aikatan ƙungiya da iyalansu na kusa, saboda haka su za su shiga. 'Yan kallo kuwa ba a keɓe su ba, sai wanda dama yake riƙe da biza mai rai kafin dokar ta fara aiki.

Ka duba abin da wannan ke nufi. Ƙasashe huɗu da suka sami gurbin shiga gasar, wato Iran da Haiti da Sanagal da Kwaddibuwa, suna cikin jerin. Haiti rabonta da wannan gasa tun 1974, ga shi ta dawo, amma mutumin da ke zaune a can ba shi da hanyar zuwa ya ga tutarsa a fili. Gasar ta 2026 ita ce mafi girma da aka taɓa shiryawa, ƙungiyoyi 48 da wasanni 104, kuma 78 daga cikin wasannin a Amurka za a buga su, Kanada da Meziko kowace na da 13. Wanda aka rufe wa ƙofar Amurka ke nan an raba shi da kashi uku cikin huɗu na gasar.

A daren 12 ga Oktoba, 2025, lokacin da Mohammed Kudus, wanda ya tashi a nan Nima, ya jefa ƙwallon da ta kai mu gasar a wasanmu da Komoros, ina zaune a wata majalisar ataya inda aka ɗora talabijin a kan benci. Mai dafa shayin ya zabura har butar ta kife a kan gawayi, babura suka cika titi da ƙara, kuma a cikin masu rungumar juna akwai mai fasfon Ghana, akwai na Nijar, akwai na Togo, babu wanda ya tambayi wani takardarsa. Waɗannan mutane su ne ke ba gasar armashi, da gangunansu da waƙoƙinsu, kuma filin da aka cika da masu hannu da shuni da mazauna Amurka kaɗai ba zai taɓa yin irin wannan amo ba.

Game da FIFA, tana da ta cewa, amma a lokacin da ake neman baƙunci ne maganarta ke da nauyi. Duk ƙasar da ke nema takan ba da alkawarin gwamnati a rubuce cewa za ta sauƙaƙa wa mahalarta shiga, kuma shugaban FIFA, Gianni Infantino, ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa dole ƙungiyoyin da suka cancanta da jami'ansu da magoya bayansu su sami shiga ƙasar da ke karɓar gasar, in ba haka ba babu gasar. Sai dai FIFA ba ta da jami'in shige da fice ko ɗaya, kuma an ba Amurka da Kanada da Meziko gasar ne tun 2018, shekaru takwas kafin a buga ta, wanda a tsakani gwamnati takan sauya, dokoki su sauya. Rasha a 2018 ta bar masu tikiti sun shiga ba biza, da katin shaidar ɗan kallo kawai, Katar ma ta yi makamancin haka a 2022 da katin Hayya, wanda da yawa daga cikin mutanenmu suka yi amfani da shi. Amurka ba ta bi wannan hanya ba. Abin da aka samu shi ne wani tsari da aka sanar a watan Nuwamba, 2025, mai suna FIFA PASS, wanda ke ba mai tikiti damar samun ranar ganawa da jami'in biza da wuri, kuma sakataren harkokin wajen Amurka, Marco Rubio, ya fito fili ya ce tikiti ba biza ba ne. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda hukumomin wasanni ke auna ƙasashe da mudu biyu. A watan Maris, 2023, FIFA ta ƙwace gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 daga hannun Indonesiya bayan gwamnan Bali ya ƙi karɓar ƙungiyar Isra'ila, ta mayar da ita Ajantina cikin 'yan makonni. A 2019 an ƙwace gasar ninƙaya ta duniya ta naƙasassu daga Maleshiya kan irin wannan dalili, aka kai ta Landan. Za a iya cewa waɗancan ƙasashe 'yan wasa suka ƙi, Amurka kuwa 'yan kallo ta hana, kuma akwai gaskiya a cikin wannan. Amma ko 'yan wasan ma ba su tsira ba, domin a watan Yuni, 2025, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Sanagal ta fasa atisayen da ta shirya yi a Amurka bayan an hana wasu 'yan wasanta biza, kuma tun a 2022 ɗan tseren Kenya Ferdinand Omanyala ya isa gasar tsere ta duniya a jihar Oregon sa'o'i kaɗan kafin a tashi gudun mita 100, saboda jinkirin biza. Ra'ayina shi ne kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta, babu mai musun wannan, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙasar da ta karɓi ribar baƙuncin duniya bai kamata ta zaɓi wace duniya za ta shigo ba.

Ghana ba ta cikin jerin, saboda haka ɗanka na iya nema. Amma kada mu ɗauka ƙofar tamu a kafe take. A watan Yuli, 2025, an rage bizar da ake ba 'yan Ghana zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya, sai a watan Satumba aka maido da ta shekara biyar, a daidai lokacin da gwamnatinmu ta amince ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro. Mu mutanen zango mun san yadda alƙalami ɗaya ke sauya rayuwa. Kakata ta sha ba mu labarin ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, yadda maƙwabciyarta ta sayar da tukwanenta da gadon ƙarfe a araha, ta hau babbar mota da 'ya'yan da a nan aka haife su. Ka gaya wa ɗanka ya nemi biza tukuna, kuma kada ya sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai fasfo ya dawo hannunsa da hatimi.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, Kumasi. Wani mutum ya ce wa ƙanena in ya kawo kuɗi masu yawa zai saka sunansa cikin tawagar magoya baya ko ta 'yan jarida, biza kuma tabbas ce. Yaron na matsa mini in sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana. Me ka gani?

AMSA: Hajiya, kada ki sayar da filin. Babu mutumin da ke da ikon tabbatar wa wani bizar Amurka, domin dokarsu ta ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin wanda ke da niyyar zama can, sai in ya gamsar da jami'in cewa yana da abin da zai dawo da shi gida, kamar aiki ko kasuwanci ko iyali. Kuɗin nema dala 185 ne, ba a mayarwa ko an ba shi ko an hana, kuma ƙanenki da kansa zai tsaya gaban jami'in a ofishin jakadanci da ke Akra ya amsa tambayoyi. Wanda aka kama da takardar bogi ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada, dillalin kuma ya riga ya kashe wayarsa.

Mun ga wannan a baya. A gasar ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Ostireliya a 2018, an dawo da gomman 'yan Ghana da suka je da sunan 'yan jarida alhali ba su san komai a aikin ba, abin ya zama abin kunya har aka dakatar da wasu jami'an wasanni domin bincike. A 2014 kuma kimanin 'yan Ghana 200 da suka je kallon gasar a Barazil sun nemi mafaka a can. Ban raina talaucin da ke tura matashi ga irin wannan ba, na san yadda rashin aiki ke cin samarinmu. Amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma yawan masu wuce wa'adi na daga cikin ainihin abin da Amurka ke dubawa idan za ta saka ƙasa a jeri, ko ta ɗora mata ajiyar kuɗin jingina, kamar yadda ta fara yi wa 'yan Malawi da Zambiya a watan Agusta, 2025, inda ake neman mai biza ya ajiye dala 5,000 zuwa 15,000 kafin ya shiga. Ki zaunar da shi tare da wani babba a dangi, ku nemi mutumin ya rubuta alkawarinsa ya sa hannu, za ku ga yadda zai zame.

TAMBAYA: Yallaɓai, a Sabon Zango aka haife ni, fasfona na Ghana ne, amma mahaifina ɗan Nijar ne. Dokar ta shafe ni? Kuma bizar Amurka za ta kai ni duk wasanninmu?

AMSA: Ɗan'uwa, umarnin ya keɓe mai ƙasa biyu matuƙar ya yi tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin, saboda haka da fasfon Ghana za ka nema, ka kuma faɗi gaskiya a duk tambayar da aka yi maka game da iyayenka. Biza ɗaya ba za ta wadatar ba. Wasanmu na farko da Panama a Toronto ne ranar 17 ga Yuni, wannan sai da bizar Kanada, wadda ake nema daban da kuɗinta daban. Bizar Amurka za ta kai ka wasan Ingila a kusa da Boston ranar 23 ga Yuni, da na Kuroshiya a Filadelfiya ranar 27, kuma in ka fara da Toronto, a bakin iyaka jami'in Amurka zai sake duba takardunka kafin ya bar ka ka wuce.