Amsa ga ɗana da ke Jidda kan zuwanmu gidan makoki

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe duk da zafin da ke cikin muryarka. Ka ce an turo maka hotona da babanka da sauran dattawan unguwa muna zaune a rumfar makokin tsohon nan maƙwabcinmu, alhali shi ɗan ƙabilar da muka yi rikici da ita ne a 2022, kuma ka ji innarka da matan gida sun ɗora tukunya sun aika musu da abinci har kwana uku. Ka tambaye ni ko wannan al'ada ce, ko addini, ko kuwa tsoro ne muke lulluɓewa da rigar haƙuri. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa har gobe muke kai rigima gaban dattawa a yi sulhu, ga kotu a buɗe. Na ga ya fi kyau in ba ka amsa a rubuce, don ka karanta wa 'yan'uwanka da kuke ɗaki ɗaya.

Ba zan ce maka ka manta abin da ya faru ba, ni ma ban manta ba. A watan Yulin 2022 wuta ta tashi a jiharmu ta Nilul Azraƙ a nan Sudan tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka yi kashe-kashe a Rusairis da garuruwan da ke kewaye, aka ƙona gidaje da shaguna, mutanenmu suka watsu zuwa Sannar da Jazira da Farin Nilu da abin da hannu ya iya ɗauka. A watan Oktoba abin ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, aka rasa wajen mutum 200 cikin 'yan kwanaki. Tushen maganar ƙasa ce da sarauta. Mutanenmu sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu suka ɗauki hakan a matsayin neman mallakar ƙasar da suke ganin ta kakanninsu ce, 'yan siyasa kuma suka samu abin hura wa wuta. Zafin da kake ji yana da dalili, ba kuwa zan raina shi ba.

To amma ka tsaya ka duba wane ne ya mutu. Tsohon nan bai ɗauki adda ba, bai kunna wa gidan kowa ashana ba. Allah ya faɗa a Suratul An'am, ya kuma maimaita a wasu surorin, cewa babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani rai. A Suratul Ma'ida aya ta 8 ya hana mu bari ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci. Idan na ƙaurace wa gawarsa saboda abin da wasu masu harshe irin nasa suka aikata, to na yi daidai da waɗanda suka ƙona shagon Bahaushen da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai Bahaushe ne. Wannan hukunci na jimla shi ne ya cinye mu, kuma ba zan karɓe shi daga hannun wanda ya cuce ni in riƙa aiki da shi ba.

Kan ko al'ada ce ko addini, ga yadda malamanmu suka karantar da mu. Jijiyar abin addini ce, suturar da aka sa masa ita ce al'ada. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Tukunyar innarka daga nan ta samo asali. Haƙƙin maƙwabci kuwa yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 36, inda aka ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa wanda babu dangantaka tsakaninku, ba a kuma sa sharaɗin harshe ko ƙabila ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Sauran abubuwan, wato kafa rumfa a kan titi, da zagayawa da takardar da kowa ke rubuta gudummawarsa, da fito da manyan faranti daga gidajen maƙwabta, da ɗaga hannu a yi Fatiha idan an iso, waɗannan yadda Sudan ta saba ne. Ai ka ga yadda mutanen Hijaz ke nasu, a jera kujeru a ƙofar gida tsakanin magariba da isha'i har dare uku. Sigar tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma malaman fiƙihu sun yarda a yi aiki da al'ada matuƙar ba ta ci karo da nassi ba.

Ba kuma duk abin da ake yi a gidan makoki nake karewa ba. Inda aka mayar da zaman wurin hira da shan shayi har gidan mamaci su ci bashi, ko aka yanka dabba daga dukiyar da ta riga ta zama ta marayu, wannan juya sunna ne a baibai, kuma mun sha faɗa a masallaci.

Akwai wani abu da ku yaran yanzu ba ku cika sa wa a lissafi ba, shi ne yadda aka yi muka zauna a ƙasar nan. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke ratsa Sudan a ƙafa da jaki zuwa aikin hajji, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu su zauna ke nan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'ar da suka rage zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sannar. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka raya su. Sudan ta samu 'yancin kai a 1956 ta tarar da mu a nan, saboda haka kada ka yarda wani ya kira ka baƙo. Sai dai ka tambayi kanka da me waɗancan bayin Allah suka samu wurin zama, alhali ba su da runduna ba su da gwamnati. Da makarantar allo suka samu, wadda ɗan kowa ke shiga ya yi karatu. Da amana a kasuwa, da zuwa gayyar noman maƙwabci, da halartar jana'izarsa da sunan jikansa. Shekara fiye da ɗari ana ƙulla wannan igiya, ita ce kuma ta sa a ranakun tashin hankali aka samu waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a cikin ɗakunansu, daga ɓangarenmu da nasu. Babu wanda ke buɗe ƙofa cikin dare ga mutumin da bai taɓa shan ruwan gidansa ba. Shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take.

Yanzu batun sulhu. Ba mu ƙi kotu ba, kuma akwai laifin da ba ya da wurin zuwa sai can. Amma alƙali yana yanke hukunci ne ya rufe fayil ya tafi gida, ku kuwa gobe za ku haɗu a bakin famfo ɗaya, 'ya'yanku su zauna a aji ɗaya, shanunsu su bi ta gefen gonarku. Zaman da mutanen Sudan ke kira judiyya an yi shi ne don wannan goben. Ana samo dattawan da ɓangarorin biyu suka amince da su, ba 'yan gidan kowa ba. Kowane ɓangare ya faɗi abin da ke ransa har ya gaji, ba a katse shi. A lissafa abin da aka rasa na rai da dukiya, a tsayar da diyya da ramuwar asara, dangin mai laifi su haɗa hannu su biya, a rufe da Fatiha a gaban shaidu. Biyan da dangi ke yi tare yana da hikima, domin duk gidan da ya taɓa sayar da saniya saboda wautar ɗansa zai riƙe sauran 'ya'yansa da kyau. Shari'a ta san da wannan. Suratul Baƙara aya ta 178 ta ba magadan wanda aka kashe haƙƙin ƙisasi, ta kuma buɗe ƙofar yafiya da diyya, har ta kira mai yafewar ɗan'uwan wanda ya yi kisan. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta amince da wannan zaɓi na magada, haka ma kotunan Saudiyya inda kake.

Sai dai a nan zan tsaya tare da kai a kan wani abu. Ayar Suratul Hujurat da ta ce a sulhunta ƙungiyoyi biyu na muminai idan sun yi faɗa, ita ce dai ta ce idan ɗaya ta yi zalunci a tsaya mata har ta dawo ga umarnin Allah, sannan a sulhunta da adalci. Sulhun da za a tara manyan mutane a matsa wa matar da aka kashe wa miji ta ce ta yafe don kunyar rawuna, ba a tambayi abin da marayunta za su ci ba, wannan danniya ce aka yi wa kwalliya. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, in ya so ya bayar, in ya so ya riƙe, kuma babu umda, wato basaraken yanki, ko shaihun unguwa da ke da ikon yafe jinin da ba nasa ba. Yarjejeniyar zaman lafiya da ƙabilun jihar suka sa wa hannu a Damazin, babban birnin jihar, a farkon 2023 mun yi murna da ita, amma zuwanmu makoki bai soke maganar gonakin da ba a mayar ba da gidajen da ba a gina ba. Muna gaisawa da mutum da safe, da hantsi mu zauna gabansa mu nemi haƙƙinmu, kuma a ganina wanda ka je wa ta'aziyya ya fi jin nauyin ya hana ka abinka.

Tsoro kuwa, ka tuna Hasan ɗan Ali, jikan Manzon Allah, yana da dubban mayaƙa a bayansa ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan hijira don kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba. Kakansa ya riga ya kira shi shugaba saboda wannan aiki tun yana yaro. Wane ne zai ce matsoraci ne?

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne hanyar da labarin ya bi ya same ka. Hoto aka turo maka a WhatsApp da kalmomin da wani ya ɗora a kai, ka fusata kafin ka kira mahaifinka. Haka aka yi mana a 2022. Kafin dattawa su ɗaura rawani su fito, Facebook ta riga ta kai maganar kowane gida da ƙari da gishiri, har da hotunan da ba a san inda aka ɗauke su ba, kuma da yawa daga masu rubuta kalaman da suka fi zafi suna zaune ne a wuraren da hayaƙin ba zai kai ba. Allah ya ce a Suratul Hujurat idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A surar dai ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ka kuwa san sunayen da ake kiranmu da su da waɗanda yaranmu ke mayarwa. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A zamaninmu mai gulma sai ya taka da ƙafarsa, ya gaji a gida na biyar. Ku yatsa ɗaya ya ishe ku, don haka nauyin wannan aya a kanku ya fi yadda yake a kanmu. Ranar da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira mutanensa, Annabi cewa ya yi a bar wannan kira, wari gare shi. Sahabbai ne fa, a cikin tafiya ɗaya da shi.

Ka kuma duba abin da ya biyo baya. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 bai tambayi kowa ƙabilarsa ba. Khartum ta watse, Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Singa ta bi a tsakiyar 2024, hanyoyi suka yanke, buhun dawa ya gagari mai albashi. Me ya riƙe mutane? Takaya, waɗannan manyan tukwane da ake ɗorawa a masallatai da unguwanni, da kuɗin da irinku na waje ke turowa ta manhajar banki ta Bankak, mai zuba wake da miya ba ya tambayar mai kwano daga ina kakansa ya zo. Wannan ba sabon abu ne da yaƙi ya ƙirƙiro ba. Mutanen da suka saba shimfiɗa tabarma a titi da azumi suna tare matafiya su sha ruwa, su ne suka san yadda ake ciyar da unguwa idan gwamnati ta ɓace. Abdullahi ɗan Salam ya ce farkon abin da ya ji daga bakin Annabi a Madina shi ne a yaɗa sallama, a ciyar da abinci, a yi salla da dare mutane na barci, kuma garin da aka faɗi haka gari ne da Aus da Khazraj suka daɗe suna kashe juna.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kira babanka ka gaishe shi, kada ka tayar masa da maganar, don ya ji abin da ka rubuta a rukunin dangi kuma bai ji daɗi ba. Ka goge rubutun nan naka. Ɗan marigayin na biyu tare kuka yi makarantar allo, lambarsa tana wurin ƙanenka, ka kira shi ka yi masa ta'aziyya ko da minti biyu ne. In akwai wanda ka san da hannunsa a abin da aka yi mana, da shaida ba da ji-ta-ji-ta ba, ka faɗa mini sunansa ni kaɗai, zan kai maganar inda ta dace in kuma bi ta.

Innarka da gwaggonka suna gaishe ka. Idan Allah ya kai ka Makka umara ka sa mu a addu'a, da waɗanda muka rasa, da ƙasar baki ɗaya. Wassalam, daga baffanka a Damazin.