Shin Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyin Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Tawa. A darasin tarihi an ce mana lokacin da babbar annoba ta afka wa Turai an ƙone Yahudawa bisa zargin zuba guba a rijiyoyi, wata abokiyata kuma ta ce da ba su yi ba da ba a zarge su ba. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Gaskiyar maganar ita ce ba su yi ba, kuma tun a wancan zamani akwai masu hankalin da suka faɗi haka a fili.

Annobar ta shiga Turai a shekarar 1347 ta jiragen ruwan da suka tsaya a tsibirin Sisili, kuma kafin 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin kusu ta sa wa mutum, amma ba a gano ƙwayar ba sai a 1894, a Hong Kong. Mutanen ƙarni na 14 suna binne ƴaƴansu ba su san abin da ke kashe su ba, sai suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, kamar yadda a wasu ƙauyukanmu, idan yara suka yi ta mutuwa, akan nuna wata tsohuwa marar gata a ce mayya ce.

An fara kashe-kashen a garin Tulon na kudancin Faransa a watan Afrilun 1348, abin ya bazu zuwa Barsalona. Daga baya, a gidan sarautar Shiyon da ke bakin tafkin Janeba, aka azabtar da wasu Yahudawa har suka amsa cewa sun zuba guba a ruwa, aka rubuta wannan amsa aka aika wa sauran garuruwa a matsayin hujja. Ki tambayi abokiyarki ko akwai abin da mutum ba zai amsa ba idan azaba ta kai masa ko'ina.

Paparoma Kilimanti na Shida, wanda ke zaune a Abinyon, ya fitar da takarda sau biyu a wannan shekarar yana hana kisan. Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta: Yahudawa ma suna mutuwa da cutar kamar kowa, kuma annobar ta shiga garuruwan da babu Bayahude ko ɗaya. Da yawa ba su saurare shi ba. A Janairun 1349 aka tara Yahudawan birnin Bazel (a ƙasar Suwizalan ta yau) a wani gidan katako a tsibirin da ke cikin kogin Rayin aka cinna masa wuta.

Labarin birnin Sitirasbur (a gabashin Faransa ta yau) shi ne ya fi tona asirin lamarin, a ganina. Shugabannin garin sun ƙi miƙa Yahudawa, sai ƙungiyoyin masu sana'a suka tuɓe su suka naɗa wasu, ranar 14 ga Fabrairun 1349 kuma aka ƙone ɗaruruwan mutane, alhali annobar ba ta ma iso garin ba tukuna. Bayan kisan aka soke duk basussukan da mamatan ke bin jama'a, aka raba dukiyarsu. Dalilin yawan bashin kuwa shi ne an hana Yahudawa yawancin sana'o'i da mallakar gona, aka bar musu ba da rance da kuɗin ruwa, wanda coci ta haramta wa Kiristoci tsakaninsu, don haka manya da ƙanana duk suna da bashinsu a wuya. A birnin Nuremba na Jamus ma, Sarki Sharl na Huɗu ya yi wa garin afuwa tun kafin a yi kisan, aka rushe unguwar Yahudawa aka yi kasuwa da coci a wurin. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun gudu gabas zuwa Polan, inda Sarki Kasimir na Uku ya ba su kariya.

Annobar nan ta shiga ƙasashen Musulmi ma, har ta kashe iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun a Tunis. Matafiyi Ibn Battuta, wanda ya ratso Takadda ta ƙasarmu a 1353, yana Dimashƙa a 1348, kuma ya ba da labarin cewa bayan azumin kwana uku mutanen birnin sun fito ba takalmi suna kuka suna roƙon Allah, Musulmi riƙe da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, maza da mata da yara, duk a hanya ɗaya.