Kwasar sokawe na asibiti: madara tana maganin cutar?

Tambaya: Salam likita. Ina aiki da motar kwasar masai a nan Bauchi, yanzu oga ya samo mana aikin wani asibitin kuɗi. Wai da gaske ruwan sokawe na asibiti ya fi na gida haɗari? Mu dai in mun tashi aiki madara muke sha ta wanke mana ciki.

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Eh ya fi, sosai ma. Duk mai taifot ko kwalara ko ciwon hanta da aka kwantar, bayan gidansa can yake gangarawa, ga jini, ga ragowar magunguna, shi ya sa ƙwayoyin cutar da ke wannan ramin da yawansu sun saba da antibayotik har ba sa jin magani. In ka yi zazzaɓi ko gudawa kar ka tsaya kemis, je asibiti ka faɗa wa likita aikin da kake yi.

Madara kuwa ka sha don daɗinta, amma ba ta kashe komai.

Yawancin cutar nan ta baki take shiga, ba ta wari ba. Ka riƙe tiyo, ka share gumi, wani ya miƙo maka goro ko fiya wata ka fasa da haƙori, shikenan ta shiga. Sabulu kafin komai ya je bakinka, kuma kayan aiki kar su je gida a haɗa su da wankin yara.

Abin da ya fi damuna allura ce, don akwai masu jefa sirinji a masai. Safar hannun nas ɗin nan mai laushi ba taka ba ce, nemi mai kauri har gwiwar hannu da rambut. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, ka haɗa da ta tetanus. In allura ta soke ka, wanke da sabulu ka tafi asibiti ranar, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi.

Kuma don Allah kar oga ya tura ka cikin ramin wai ka buɗe toshiya. Iskar ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake, mutum ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi.