Suna danna tallata amma ba sa saye: tambayoyi kan shafin sauka

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano. Na biya kuɗin talla a Facebook na mako guda, an nuna mini mutum 500 sun danna, amma biyu kacal suka yi mini magana. Tallar tana kai su babban shafin kantina ne. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, matsalar tana inda kike sauke su. Wanda ya ga hoton kwalbar humra ya danna, humrar nan yake son gani da farashinta. Idan ya tsinci kansa a babban shafi mai kaya iri ashirin da tarihin kanti, tamkar an ajiye baƙo ne a bakin Kantin Kwari an ce ya nemo shagon da kansa. Yawanci juyawa zai yi.

Abin da kike buƙata shi ne shafin sauka: shafi guda da aka gina don talla guda, ba ya neman komai daga mai ziyara sai abu ɗaya. Ki fara da kanun shafin, ya maimaita abin da tallar ta faɗa. In tallar ta ce humra kwalba uku a farashi kaza, wannan maganar ce za ta tarbe shi, da hoton da ya gani. Farashi ya fito fili. Al'adar nan ta "a tuntuɓe mu don jin farashi" tana korar masu saye na gaske, ta bar miki masu tambaya su wuce. A ƙarƙashinsa ki rubuta girman kwalba, kuɗin aike, garuruwan da kike kaiwa da kwana nawa kaya ke isa, domin waɗannan ne tambayoyin da ke tsayar da mutum. Ki cire jerin madannan da ke saman shafi, ki cire alamomin Instagram da TikTok. Kowannensu ƙofar fita ce.

Madanni ɗaya ya isa, kuma ya zauna inda za a gan shi tun kafin a ja shafin ƙasa. A kasuwancinki, ya kai mutum WhatsApp kai tsaye. A gurbin adireshin madannin ki rubuta wa.me/ sai 234, sai lambarki ba tare da sifilin farko ba, babu alamar tarawa, babu tazara (masu lambar Nijar su sa 227). Ki ƙara ?text= a ƙarshe tare da saƙon da kike so ya bayyana, misali "Ina son humra kwalba uku", kina sa %20 a gurbin kowace tazara. Mai saye ba zai yi tunanin abin da zai rubuta ba, ke kuma, in kowace talla da nata saƙon, za ki gane daga wace talla ya fito.

Ba sai kin ɗauki mai gina shafi ba. Google Sites kyauta ne, Carrd ma yana ba da damar gina shafi uku ba tare da biya ba. Amma duk kyan shafi, in saƙo ya shigo da safe aka amsa da daddare, an yi asarar kuɗin tallar.

Tambaya: Shafina yana buɗewa nan take a kwamfutar ofis, amma abokan ciniki na ƙorafin yana nauyi a waya. Me zan gyara?

Amsa: Malam, ka daina gwaji da intanet ɗin ofis. Ka ɗauki ƙaramar wayar Android, ka kashe wayifai, ka buɗe da data inda sabis bai cika ƙarfi ba. Abin da abokan cinikinka ke gani ke nan. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi da waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Kuma in talla ce ta kawo su, kai ka riga ka biya kuɗin dannawar.

Mai laifi na farko kusan kullum hotuna ne. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, a ɗora guda shida haka nan, shafi ya zama jibgi. Ka rage faɗin kowanne zuwa fikzil 1200 ko ƙasa, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG, ka ajiye shi a tsarin WebP, ka yi ƙoƙari kada ya wuce kilobait 200. Bidiyon da ke kunna kansa ka cire shi, yana cinye wa mutane data, su kuma ba sa yafe wannan. In da WordPress ka gina, ka duba ƙarin manhajojin da ka jibga masa, ka goge waɗanda ba sa aiki. Daga nan ka sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewa, ka duba sakamakon ɓangaren waya: Google na ɗaukar shafi mai kyau idan babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Tambaya: Ina da makarantar koyon kwamfuta, ina tattara sunayen masu sha'awa ta fom. Ta yaya zan san shafin yana aiki?

Amsa: Ka raba adadin waɗanda suka cike fom da adadin waɗanda suka shigo, ka ninka da 100. Mutum 400 sun shigo, 12 sun cike, kashi 3 ke nan. Domin lissafin ya fito daidai, ka sa fom ɗin ya kai mutum shafin godiya na daban, sannan ka sa manhajar ƙirga masu ziyara, Google Analytics ko Meta Pixel, ta ƙirga masu isa can. A ƙarshen adireshin da kake rabawa ka liƙa ?utm_source=facebook ko ?utm_source=whatsapp, ka ga a Google Analytics wace hanya ce ke kawo ɗalibai.

Fom ɗin kuwa ka taƙaita shi: suna, lambar waya, kwas ɗin da ake so. Ranar haihuwa da adireshin gida su jira ranar rajista. Ka rubuta layi ɗaya da ke faɗin abin da za ka yi da lambar, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai tattara bayanan mutane. In za ka yi gyara, ka canza abu ɗaya a lokaci guda, kanun shafi ko rubutun madanni, ka bar shi har mutum ɗaruruwa su shigo kafin ka yanke hukunci. Sakamakon mutum talatin ba hujja ba ne.