Baƙin mai yana tsiyaya daga gindin distiribita: shin gam zai tsayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina da Honda Accord ƙirar 1992, wadda ake kira Halla, kuma da ita nake ɗaukar fasinja daga ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar zuwa Gumel, ranar Alhamis kuma in kai su kasuwar Maigatari. Wata biyu ke nan baƙin mai yana jiƙa gindin distiribita, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogogi, yana ɗiga a kan giyabos, duk mako sai na ƙara kusan rabin lita. Bakaniken tasharmu ya shafa jan gam sau biyu, yoyon ya tsaya kwana kaɗan ya dawo. Yanzu ya ce zai zare ta ya cika ramin da gam, ni kuma in koma zuba mai mai kauri. Ga shi injin ya fara karkarwa da safe. Hankalina ya tashi, domin motar nan ita ce abincin iyalina. Shin injin ne ya gama yayi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, yoyon mai a wannan wuri ba ya nuna cewa inji ya mutu, kuma yana cikin gyare-gyare mafiya araha a jikin Halla. Abin da ya tayar mini da hankali a cikin saƙonka shi ne shawarar da aka ba ka, don haka ina roƙonka kada ka bari a sake taɓa wurin da gam kafin ka gama karanta wannan amsa.

Da farko sai a tabbatar da inda man yake fitowa, domin wuri uku ne suke jiƙa gindin distiribita. Ka bari inji ya huce sarai, ka rufe kan distiribitar da leda, ka wanke kewayen da ruwan sabulun gari da burushi, domin ƙurar hanyoyinmu idan ta haɗu da mai takan zama laka ta ɓoye komai. Kada a wanke da fetur, wurin tartsatsin wuta ne. Idan ya bushe, ka barbaɗa hoda a wurin, ka tayar da motar ta yi kamar minti 20, sannan ka haska da tocila ka nemi wuri mafi tsawo da hodar ta jiƙe, tun da mai ƙasa yake gangarawa. Idan jiƙon ya faro daga sama da distiribita, gasket ɗin murfin saman inji, wato robar da ke kewaye da bakin murfin, shi ne ya saki a kusurwa. Idan daga tsagar da ke tsakanin distiribita da kan silinda yake fitowa, zoben roban da ke wuyanta ne ya bushe, kuma shi ne aka fi samu. Na ukun kuwa sai an buɗe murfin distiribitar: in ka ga mai kwance a cikinsa, to oyil sil ɗin ciki, wato robar tare mai da ke kewaye da sandar da ke juyawa, shi ne ya lalace. Karkarwar da ka ambata ta sa ina zargin wannan na ukun, domin mai idan ya shiga cikin murfi yakan sa wuta ta riƙa ɓacewa kafin ta isa fulogi.

Yanzu bari in dawo kan maganar gam, domin babu makon da zai wuce ban gamu da ɓarnarsa ba, kuma na gaji da ganin talaka yana asarar inji saboda shi. Gam ɗin da aka shafa ta waje ba zai taɓa tsayar da wannan yoyo ba. Ba ya kama ƙarfen da ya sha mai, kuma man daga ciki yake turowa, saboda haka kwana biyu ko uku sai ya nemi hanya ta ƙarƙashinsa, kamar yadda ka gani da idonka har sau biyu. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wanda ake shirin yi maka yanzu shi ne gyaran gangar auzinawa. Distiribitar Halla a kwance take, wuyanta yana shiga cikin kan silinda kai tsaye inda ƙarshen kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, yake juya ta, kuma wurin mai ne yake kai kawo. Idan aka lafta gam a ramin aka tura ta ciki, rabin gam ɗin zai matso waje inda ido ke gani, sauran rabin kuma zai matsu zuwa cikin inji inda babu mai ganinsa. Zafi da mai su gutsure shi, ya bi ramukan da mai ke komawa ƙasa, ya taru a bakin rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta.

Bara an janyo mini wata mota irin taka daga wani ƙauye, injin ya buga a tsakiyar hanya da fasinja cike. Mai motar ya rantse mini bai taɓa barin mai ya yi ƙasa ba, kuma da na zaro geji, wato sandar auna mai, na tarar gaskiya ya faɗa, man yana nan daidai. Da muka kwance kaskon ƙasa inda mai ke taruwa sai ga rariyar ta toshe da zirin jan gam, dogaye kamar taliya, na riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya da tsinke ina jerawa a kan kwali a gabansa. Mai yana cikin injin amma bai samu hanyar hawa sama ba, metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, suka ƙone, kamshaf ya ci mazauninsa. Bawan Allahn nan ya zauna a kan benci ya rasa abin faɗa. Roba ɗaya da ba ta fi zoben hannu girma ba aka ƙi saya, sai da ya sayar da tumakinsa ya nemi wani inji.

Ina kira ga 'yan'uwana masu sana'a su ji tsoron Allah. Wanda ya kawo maka motarsa amana ya ba ka, kuma idan ba ka da robar a hannu, ka gaya masa gaskiya ya aika a sayo, kada ka rufe masa ido da abin da ka san ba zai yi mako ba. Gam yana da wurinsa, ɗan ɗigo a kusurwoyin gasket ɗin murfin sama, amma ba a yi shi don ya maye gurbin zoben roba ba. Haka nan mai mai kauri ba ya ɗinke robar da ta tsage, sai dai ya jinkirta isar mai saman inji a safiyar hunturu.

Gyaran kansa bai kai awa ɗaya ba. A cire kan batir, a yi alama da ƙusa tsakanin jikin distiribita da kan silinda, domin ramukan notinta dogaye ne kuma ɗan gocewa kaɗan yana sauya taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi. A lura da inda rota, wato abin da ke juyawa a cikin murfin distiribita, ta fuskanta, kuma kada a rikita wayoyin fulogi, jerin wutarsu 1-3-4-2 ne. A kwance noti ukun da sifana mai lamba 12, a zaro ta a miƙe, kuma kada a juya inji tana waje. Za ka ga tsohuwar robar ta ƙandare har tana karyewa a hannu. A kankare duk tsohon gam ba tare da barin ɓurɓushi ya faɗa ciki ba, a shafa wa sabuwar roba mai mai tsabta, a mayar. Haƙoran ƙarshen sandar ba a tsakiya suke ba, ta fuska ɗaya kawai suke zama, don haka in ta ƙi shiga a juya rota, kada a ja ta da ƙarfin noti. Ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar robar a matsayin samfuri, kada a ɗauko kowace irin roba a ce ta yi kama.

Idan mai ya shiga cikin murfi, ka girgiza sandar da yatsa. In tana tsaye daram, sauya oyil sil ɗin ciki ya wadatar, in kuwa tana lilo, boris ɗin da sandar ke juyawa a cikinsa ya tafi, gara a sauya distiribitar gaba ɗaya. Ka sa a duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin sama, domin idan ya toshe, iska takan taru a ciki ta turo mai ta sabuwar robar ma. Akwai kuma tiyon ruwa da ke ƙarƙashin distiribita wanda man yake ɗiga a kansa wata biyun nan. Ka matsa shi da hannu, in ya yi laushi ko ya kumbura a sauya shi, domin yana iya fashewa a hanya ruwa ya ƙare. Kafin robar ta iso, ka riƙa zaro geji kowace safiya kafin ka ɗauki fasinja, kada ka jira jar fitilar mai ta kama, domin ita sai ƙarfin mai ya riga ya faɗi take kamawa.