Hayar Daji ko Biyan Jagora Don Farautar Barewa a Teksas

Malam, ka tambaya ko ka kama hayar daji ta shekara ko ka biya jagora, a Teksas ta Amurka, jihar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasarta mallakar mutane ce. Haya ta fi dacewa da wanda yake kusa, domin shi zai riƙa zuba masara a wurin ciyarwa, ya gyara maɓoya, ya gano hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa kafin lokacin farauta a Nuwamba. Jagora ya fi tsada a kowace rana, amma wahalar tasa ce. Kuskuren da na fi gani a haya shi ne yarjejeniyar baka, don haka a rubuta adadin mafarauta da batun inshora, lauya ya duba. Lasisin farauta na jiha wajibi ne ta kowace hanya.