Tambayoyin Masu Karatu: Zanen Ƙasa na Indiya da Basirar Ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, kuma na sha ganin hotunan ɗaliban Indiya sun durƙusa a harabar makaranta suna yi wa ƙasa ado da gari mai launi lokacin bukukuwansu. Mene ne sunan wannan zane, kuma shin basirar yaran ce ake gani a ciki, ko kuwa kwaikwayon abin da suka gada kawai suke yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Sunan da ya fi bazuwa shi ne rangoli, wanda ya samo asali daga wata kalma ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, mai nufin jerin launuka, amma kowane yanki da nasa sunan da nasa salon. A Tamil Nadu kolam ake ce masa, a Andhra Pradesh da Telangana muggu, a Bengal alpana, a Rajasthan mandana, a Kerala kuwa pookalam, wanda da furanni ake shimfiɗa shi. Hotunan da kika gani galibi na Diwali ne, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, wanda ke faɗowa a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da makarantu da kwalejoji ke shirya gasa kafin a tafi hutu, a kewaye zanen da ƙananan fitilun yumɓu masu cin mai. Ana kuma yin irin wannan gasa a bikin girbi na Pongal a tsakiyar Janairu, da bikin Onam na Kerala a watan Agusta ko Satumba.

Amma tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma don amsa ta sai mun koma ga kolam, domin a nan ne aikin ƙwaƙwalwa ya fi fitowa fili. Matar gida a Tamil Nadu takan tashi tun kafin fitowar rana ta share bakin ƙofa, ta yayyafa ruwa, sannan ta ɗebi garin shinkafa tsakanin babban yatsa da manuni ta jera ɗige-ɗige a ƙasa. A salon da suke kira sikku kolam, layi yana lanƙwasa yana kewaya kowane ɗigo ba tare da ya taɓa shi ba, har ya koma inda ya taso, kuma ba a yarda a bar ɗigo ko ɗaya a waje ba. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da lissafi na gaske. Idan aka jera ɗige-ɗige sahu 3, kowane sahu da ɗigo 4, aka bi hanya mafi sauƙi, layi ɗaya tak zai kewaye su duka. Idan sahu 4 ne masu ɗigo 6, layi biyu za a samu. Idan kuwa 4 ne da 4, sai an ja layi huɗu. Adadin layukan shi ne lamba mafi girma da ke raba lambobin biyu ba tare da saura ba. Saboda irin wannan tsari ne Gift Siromoney da Rani Siromoney, malaman Kwalejin Kirista ta Madras, suka yi nazarin kolam a shekarun 1970 a matsayin misali na yadda ake gina hoto bisa ƙa'idoji irin na ilimin kwamfuta.

To, yarinyar da aka ba ta ɗige-ɗige 16 aka ce ta haɗe su da layi ɗaya, alhali hanyar da ta saba tana ba da huɗu, dole ta zauna ta gano inda za ta karkatar da layin, kuma ta yi hakan ba tare da ta ɓata daidaiton dama da hagu ba. Wannan ba kwaikwayo ba ne. Abin da ta gada shi ne ƙa'idar, hanyar kuwa ita za ta nemo, kuma ɗalibai biyu kan fito da mafita biyu mabambanta daga jeri guda. A ganina nan ne ainihin basirar take, fiye da manyan zane-zane masu ƙyalli da suka fi ɗaukar ido a hoto.

Ina faɗar haka ne domin akwai abin da ke damuna game da yadda wasu gasanni ke tafiya. Kasuwa ta cika da faranti masu huda-huda waɗanda za a zuba gari a kai a ɗaga, zane ya fito sumul ba tare da hannu ya koyi komai ba, ga kuma samfura birjik a intanet. Idan alƙalai suka karkata ga girma da yawan launi, ɗalibin da ya fi kuɗin sayen kaya shi zai yi nasara a kan wanda ya fi tunani. Duk da haka gasar ta kawo alheri da ba za a musanta ba. Fasahar da a da ta mata ce a bakin ƙofa yanzu samari ma suna durƙusawa su koya, ana aiki rukuni-rukuni cikin ƙayyadadden lokaci, kuma ɗalibai kan shigar da saƙonnin zamani irin su tsimin ruwa, kare muhalli da karatun 'ya'ya mata. Shigar wannan fasaha aji ma ba sabon abu ba ne: a garin Santiniketan na Bengal, inda mawallafi Rabindranath Tagore ya kafa jami'ar Visva-Bharati a 1921, an mayar da alpana abin koyarwa a sashen zane ƙarƙashin jagorancin mai zane Nandalal Bose, har salon makarantar ya zama sananne.

Tambaya: Malam, me ya sa mutum zai ɓata sa'o'i yana yin adon da ƙafa za ta tattake kafin yamma?

Amsa: Masu yin sa ba su ɗauki lalacewar zanen a matsayin asara ba, domin tun farko ba don ya daɗe aka yi shi ba. Garin shinkafar da ake amfani da shi a al'adance abinci ne ga tururuwa da tsuntsaye, wato gidan ya fara ranarsa da ciyar da wata halitta, ko da yake a yau da yawa sun koma ga garin farin dutse mai araha. Gobe da asuba za a share a sake wani, kuma wannan maimaitawa ta kullum ita ke horar da hannu. A watan Margazhi na kalandar Tamil, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, zanen kan faɗaɗa har ya mamaye titi, kuma a unguwar Mylapore ta birnin Chennai ana yin gasar kolam a kan hanya kusa da babban wurin bautar unguwar. A Kerala kuwa pookalam yakan fara ne da ƙaramin da'ira a ranar farko ta Onam, ana ƙara masa zagaye kowace safiya har kwana 10 su cika.

Tambaya: Shin wannan zane ibada ce ta Hindu, ko al'ada ce kawai?

Amsa: Tushensa yana haɗe da addinin Hindu, kuma bai dace a ɓoye hakan ba. A Diwali ana yin sa ne don marabtar Lakshmi, wadda mabiya addinin suke dangantawa da arziki, pookalam kuma yana da alaƙa da labarin dawowar Mahabali, wani sarki na tatsuniyoyinsu. Sai dai zanen ya fita daga wannan da'ira a wurare da dama. A makarantu ana yin sa a ranar 'yancin kai, 15 ga Agusta, da launukan tutar ƙasa, kuma a Kerala Musulmi da Kiristoci da yawa suna halartar shagulgulan Onam a matsayin bikin jiha. A makwabciyar ƙasa Bangladesh, inda Musulmi suka fi rinjaye, ɗaliban sashen zane na Jami'ar Dhaka suna ƙawata titunan da ke kewaye da hasumiyar Shaheed Minar da alpana duk ranar 21 ga Fabrairu, don tunawa da waɗanda aka kashe a gwagwarmayar kare harshen Bengali a 1952.